Awon Nisa a Dogon Fotin

Mai girma shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Kyaftin na maza da kyaftin ta mata, iyayenmu dattawan kulob da suka riga mu riƙe sanda, 'yan'uwana 'yan wasa, da ku samarinmu masu ɗaukar jaka da nake hangowa a can baya, don Allah ku matso kusa, domin wani yanki na maganar yau naku ne.

An nemi in yi magana a kan fotin, wato bugun golf da ake mirgina ƙwallo zuwa rami a kan girin, filin gajeriyar ciyawar da ke kewaye da ramin. Fage ne mai faɗi, don haka na yanki gefe guda: dogon fotin, wanda ya kama daga taku goma zuwa sama, da yadda mutum zai sa ƙwallonsa ta tsaya inda yake so ta tsaya.

Bari in fara da abin da ya faru a Amurka a watan Yunin 2023. A ramin ƙarshe na gasar US Open, a filin Los Angeles Country Club, Wyndham Clark yana gaban Rory McIlroy da bugu ɗaya tak. Ƙwallonsa tana kan girin, amma tsakaninta da rami akwai kimanin ƙafa 60. Idan ya gama da bugu biyu, kofi nasa ne. Idan suka zama uku, sai an sake karawa. Ya mirgina ta, ta yi ta tafiya har ta kwanta dab da bakin rami, ya ƙarasa ta ba tare da fargaba ba. Shekara biyu bayan haka, a gasar 2025 a Oakmont, J.J. Spaun ya sami kansa a irin wannan hali: ƙafa 64 tsakaninsa da rami, bugu biyu yake bukata, ga ƙasa ta sha ruwan sama. Tasa ƙwallon ma faɗawa ta yi. Ita ce ake ta maimaitawa a talabijin, ta Clark kuwa an kusa mantawa da ita. A wurina bugun iri ɗaya ne. Dukansu biyu sun auna nisa daidai, kuma da ƙwallon Spaun ta kauce da inci biyu, da kusa za ta tsaya, da shi ne dai zai ɗauki kofin. Faɗawar rabo ce. Awon nisan shi ne aikin da suka koya, shi ne kuma za mu iya koya.

Akwai wani malami a Jami'ar Columbia da ke birnin New York, Mark Broadie, wanda ya tattara bayanan miliyoyin buge-buge na ƙwararrun 'yan wasan Amurka, ya fitar da littafi a 2014 mai suna Every Shot Counts. Alƙalumansa suna kwantar wa mutum da hankali, suna kuma kunyata shi. Daga ƙafa uku, ƙwararre da wuya ya ɓarar. Daga ƙafa shida, wajen biyu cikin uku yake zurawa. Daga ƙafa takwas, rabi da rabi ne. Da an kai wajen ƙafa 33, wato taku goma sha ɗaya, yawan lokutan da yake zurawa da bugu ɗaya sun yi daidai da yawan lokutan da yake yin uku. Daga ƙafa 60 kuwa, sau biyu ko uku cikin ɗari take faɗa masa, amma kusan sau ɗaya cikin huɗu ko biyar sai ya yi bugu uku. Waɗannan fa mutane ne da ba su da wata sana'a sai wannan, kuma a kan girin da ake gyarawa kamar darduma suke wasa. To, idan su haka abin yake, mu da muke zuwa Asabar da Lahadi ya kamata mu san me muke nema idan muka tsaya daga nesa. Abin da muke nema shi ne bugu na biyu ya zama wanda ba sai mun yi dogon tunani a kansa ba.

Yanzu ga tambayar da nake so kowa ya riƙe: cikin saiti da ƙarfin bugu, wanne ne yake jawo mana bugu uku?

Ku yi haƙuri da ni, za mu ɗan yi lissafi, amma ba mai wuya ba. A ce kana ƙafa 50 daga rami, ƙasa a shimfiɗe. Ka kuskure saiti da digiri ɗaya. Ƙwallonka za ta ƙare da kaucewar kimanin inci goma. Ka kuskure da digiri biyu, wanda babban kuskure ne ga mai ɗan hannu, kaucewar ba za ta cika ƙafa biyu ba. Kowa a ɗakin nan zai ƙarasa wannan. To, mu koma ga ƙarfi. Nisan da ƙwallo ke yi ba ya ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da gudun da ta tashi da shi. Idan ka ninka gudun sau biyu, nisan sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka idan gudun ya ɗara abin da ake bukata da kashi biyar cikin ɗari kacal, nisan zai ƙaru da kusan kashi goma. A fotin mai ƙafa 50, ƙafa biyar ke nan ta zarce. Kashi biyar cikin ɗari kuwa abu ne da hannu ba ya ma jin ya yi shi. Ɗan tsuke yatsu ya isa, ɗan ɗaga kai da wuri ya isa, ƙwallo ta sami gefen fuskar fota, wato sandar fotin, maimakon tsakiyarta ya isa.

Kun ga inda matsalar take. Amma ku lura da abin da muke yi a fili. Mutum zai tsuguna a bayan ƙwallo, ya zagaya bayan rami ya sake tsugunawa, ya tambayi yaronsa ko hagu take karkata ko dama, su yi ta muhawara a kan faɗin tafin hannu guda. Sannan ya miƙe, ya yi lilo ɗaya na gwaji yana kallon takalminsa, ya buga, ta gaza da ƙafa takwas. Duk hankalinsa ya tafi ga ƙaramin kuskure, babban kuwa ya bar shi ga sa'a.

Tarihin wasan nan yana da misali mai ban tausayi. A 1970, a St Andrews ta ƙasar Sikotilan, Doug Sanders ya zo ramin ƙarshe na gasar Open yana bukatar bugu huɗu ya lashe. Bugunsa na biyu ya wuce tuta da wajen ƙafa 30. Fotin ɗinsa na farko, mai gangarowa, ya tsaya saura kimanin ƙafa uku. Ya buga na biyun, ta zame ta gefen dama. Washegari aka sake karawa tsakaninsa da Jack Nicklaus, Nicklaus ya yi 72, shi ya yi 73. Har ya bar duniya bai ɗauki ko ɗaya daga manyan kofuna huɗu ba. Kowa ɗan gajeren bugun nan yake tunawa. Ni kuwa nakan ce a waiwayi wanda ya gabace shi. Da na farkon ya ƙara tafiyar ƙafa biyu, da babu wani gajeren bugu mai girgiza zuciya da za a yi maganarsa.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da ta zama ruwan dare a kowane kulob, cewa ƙwallon da ba ta kai rami ba ba za ta taɓa faɗawa ba. Da ka gaza, sai abokin wasa ya jefo maka ita. Maganar gaskiya ce a inda ta dace. Dave Pelz, wanda ya yi aiki a hukumar NASA kafin ya koma binciken golf, ya shahara da cewa gudun da ya fi dacewa shi ne wanda zai kai ƙwallo inci 17 bayan rami idan ba ta faɗa ba, saboda ƙwallon da ke tafiya a mace kusa da rami kowane sawun takalmi yana iya kautar da ita. Daga ƙafa goma ko goma sha biyar, inda akwai kyakkyawan zaton zurawa, ina tare da wannan ra'ayi. Daga ƙafa 40 ko 50 kuwa ba na tare da shi, kuma zan faɗi dalili. Idan ka buga ƙwallo goma daga can, ba wuri ɗaya za su tsaya ba. Za su warwatsu, a ce tsakanin ta farko da ta ƙarshe ƙafa takwas. Idan ka rantse cewa babu wadda za ta gaza, ka tura warwatsin nan gaba ɗaya bayan rami, wadda ta fi nisa tana ƙafa takwas ke nan. Idan kuwa ka sa rami a tsakiyarsu, biyar sun gaza, biyar sun zarce, babu wadda ta fi ƙafa huɗu. Ka sayar da ɗan zaton faɗawa wanda dama bai taka kara ya karya ba, ka sayi kwanciyar hankali a bugu na biyu. Don haka idan ka mirgina daga taku goma sha biyar ta tsaya saura ƙafa ɗaya, kada ka bari kowa ya sa ka ji ka yi laifi. Ka yi bugu mai kyau.

Ga kuma wani abu game da ƙwallo mai gudu. Faɗin rami inci huɗu da kwata ne, amma wannan faɗin na ƙwallon da ta iso a hankali ne. Ita tana iya shiga ta gaba, ta gefe, har ta zagayo ta faɗa ta baya. Wadda ta iso a guje kuwa sai ta daki tsakiya sosai, in ba haka ba ta lashi baki ta fice. Ƙarin ƙarfi rage faɗin rami yake yi.

To, ta yaya ake sanin ƙarfin da ya dace? Abu na farko shi ne sanin ƙasar da kake kai, domin taku goma na yau ba shi ne taku goma na jiya ba. A 1935 wani ɗan wasa daga jihar Massachusetts, Edward Stimpson, ya kalli gasar US Open a Oakmont ɗin nan da na ambata, ya ga yadda santsin girin ke wahalar da manyan 'yan wasa, ya ƙudura sai ya samo hanyar auna shi. Ya ƙera wani ɗan kwararo mai tsawon kimanin yadi guda: a ɗora ƙwallo a kai, a ɗaga gefe ɗaya a hankali har ta sulluɓo, kullum da gudu iri ɗaya, sai a auna ƙafa nawa ta yi. Hukumar golf ta Amurka ta gyara na'urar, ta fara raba ta ga filaye a 1978, ana kiranta Stimpmeter. Idan ka ji an ce girin yana gudun 10, ana nufin ƙwallon ta yi ƙafa goma. Filayen kulob da yawa suna tsakanin 8 da 10, na manyan gasa sukan kai 12 ko su wuce. Bugun da zai kai ka ƙafa 40 a girin mai gudun 8, shi ne zai kai ka ƙafa 60 a mai gudun 12. Hannu ɗaya, lilo ɗaya, bambancin ƙafa ashirin.

Sai tudu da gangare, kuma a nan ne ido ya fi yaudarar mutum. Ɗauki girin mai gudun 10 da ɗan gangaren da bai fi ƙafa biyu cikin ɗari ba, irin wanda in ba ka lura ba sai ka ce a shimfiɗe yake. Bugun da zai yi ƙafa 30 a shimfiɗe, idan hawa yake yi, wajen ƙafa 24 zai tsaya. Idan gangarowa yake yi, sai ya kusa 40. Ku lura da rashin daidaiton: hawa ya ci maka shida, gangare ya ƙara maka goma. Kuma duk yadda girin ya ƙara santsi, haka wannan rata ke ƙara buɗewa. Shi ya sa nake roƙon kowa, kafin dogon fotin, ya taka zuwa tsakiyar tazarar, ya tsaya daga gefen da ya fi ƙasa, ya kalli ƙwallo, ya kalli rami. Daga bayan ƙwallo karkata kake gani. Daga gefe ne kake ganin tsawo da hawa. Tafin ƙafarka ma yana ba ka labari idan ka saurare shi, domin nauyin jikinka yakan koma ɓangaren da ƙasa ta sunkuya tun kafin idonka ya gane.

A ƙasashe masu zafi irin tamu, ciyawar girin yawanci dangin Bamuda ce, ita kuwa kwanciya take yi ta fuskanci gefe guda. Idan ka hango ta tana ƙyalli, ta kwanta ne ta ba ka baya, ƙwallo za ta yi gudu. Idan ka ga ta yi duhu, kanta na fuskantarka, sai ka ƙara ƙarfi. Leƙa bakin ramin ma: gefen da ya yi kaca-kaca ya bushe, can ciyawar ta nufa. Raɓar safe tana rage gudu. Da rana ta ɗaga ƙasa ta bushe sai gudun ya ƙaru, da yamma kuma ciyawa ta ɗan tofo sai ya sake raguwa. A lokacin hunturu iska kanta tana taɓa ƙwallon da ke tafiya a hankali a kan girin mai santsi, kada a raina ta.

Da yawa daga cikinmu a nan Arewa a kan birawun muka koyi wasa, wato yashin da aka cakuɗa da mai, ana share wa mutum hanya kafin ya buga. Birawun yana da nauyi, ƙwallo ba ta karkata sosai a kansa, kuma yana koya wa hannu duka mai ƙarfi. Wanda ya saba da shi, ranar da ya je gasa a filin IBB na Abuja ko wani fili mai ciyawa, ramukan farko sai ya ga ƙwallonsa tana wuce rami kamar an kore ta. Daga nan tsoro ya shige shi, ya koma gazawa, ranar ta lalace. Hannun nasa lafiya lau yake, ma'aunin da ke cikinsa ne na wata ƙasa dabam. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya isa da wuri, ya ba girin na gwaji rabin sa'a, dogaye kawai, kafin ya taɓa wata sanda.

Akwai wani sirri a tafiyar ƙwallo da nake so ku riƙe. Fotin mai ƙafa 50 a girin matsakaici yakan ɗauki wajen daƙiƙa bakwai. A rabin farko na wannan lokaci ƙwallon tana cinye kashi uku cikin huɗu na hanya. Sauran rabin lokacin gaba ɗaya a rubu'in ƙarshe take kashe shi, tana tafiya a gajiye. A nan ne gangare yake samun damar juya ta, a nan ne kwanciyar ciyawa take kama ta. Saboda haka idan lokaci ya ƙure maka, ka bar nazarin ƙafafun farko, ka je ka duba taku huɗu na kusa da rami. Ka duba har bayan ramin: idan ƙasa ta zube a can, gara ka gaza da ƙafa ɗaya da ka zarce da shida.

Mu zo ga hannu. Ba zan daɗe a kan yadda ake riƙe fota ba, kowa da irin nasa, kuma an ci manyan kofuna da riƙo iri-iri. Abu biyu ne ba na sassautawa a kansu. Na farko, tsawon lilo ne yake samar da nisa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ja fota baya kaɗan, daidai yadda yake ja a ƙafa goma, sannan ya fizgo ta da ƙarfi don ta kai ƙafa hamsin. Fizga ba ta da ma'auni, yau ta yi yawa, gobe ta yi kaɗan. Ka bar sandar ta yi baya sosai, ta dawo da nauyinta, lokacin da lilon ke ɗauka ya zama kusan ɗaya ko gajere ne ko dogo. Wasu sukan ƙirga ɗaya, biyu a zuci: ɗaya ta tafi, biyu ta sami ƙwallo. Idan tazarar ta yi tsawo ƙwarai, ka ɗan miƙe tsaye, ka sassauta riƙo, ka bar wuyan hannu ya ɗan motsa. Wanda ya ƙame kamar an ɗaure shi ba zai iya aika ƙwallo taku ashirin cikin natsuwa ba.

Na biyu, tsakiyar fuskar fota. Duk bugun da ya sami gaba ko dunduniyar sandar yana rasa wani abu na gudunsa, kuma mun riga mun ga abin da kashi biyar cikin ɗari ke haifarwa. Mutum zai yi lilo daidai, ƙwallo ta gaza, ya ɗauka ƙarfi ne bai sa ba, ya ƙara a rami na gaba, wannan karon ta sami tsakiya, ta zarce. Yana ta gyara abin da bai lalace ba. Gwajin mai sauƙi ne: naɗa roba biyu a kan fotar, ɗaya dama ɗaya hagu, ka bar tsakiya kamar faɗin inci guda. Duk bugun da ya kauce za ka ji shi nan take. Wannan na wurin gwaji ne kawai, a cire kafin a shiga wasa.

Amma hannu bawan ido ne. Ku dubi lebura mai jefa wa magini tubali a kan katanga. Ba ya kallon hannunsa, ba ya lissafin kamu nawa ne tsayin ginin. Hannun maginin yake kallo, tubalin kuma ya isa daidai, ba ya dukan mutum, ba ya faɗowa, kuma da katangar ta ƙara tsawo jifar tana ƙaruwa da kanta. Wannan baiwar tana jikin kowannenmu. Abin da muke yi a golf shi ne mu toshe ta: mu kafa ido a kan ƙwallo na tsawon lokaci har hoton nisan ya dushe a ƙwaƙwalwa, sannan mu buga. Gyaran shi ne ka yi lilon gwaji kana kallon rami, sau biyu ko uku, kana barin ido ya gaya wa hannu tsawon da ake bukata. Ka gyara tsayuwa, ka yi wa ramin kallo ɗaya mai tsawo, idonka ya dawo kan ƙwallo, ka buga kafin daƙiƙa biyu su wuce. Wani mai bincike a Kanada, Sasho MacKenzie, ya gwada 'yan wasa suna bugawa idonsu na kan inda suka nufa maimakon kan ƙwallo, ya tarar ba su yi asara ba, har ma sun ɗan fi. Jordan Spieth ya ci manyan gasa yana kallon rami a wasu gajerun buge-bugensa. Ban ce kowa ya koma haka a gasa ba, amma a wurin gwaji babu abin da ya fi shi saurin farkar da hannu. Tun 2019 kuma doka ta yarda a bar tuta a cikin rami ana fotin. Daga nesa ku bar ta, tana taimaka wa ido ya kama zurfin tazara.

Yanzu yadda ake gwaji, wanda a nan ne mafi yawanmu muke ɓata lokaci muna zaton aiki muke yi. Mutum zai zube ƙwallo uku wuri ɗaya. Ta farko ta gaza, ta biyu ta zarce, ta uku ta kwanta kusa, ya ce ya gane. Bai gane komai ba, gyara ya yi a kan amsar da aka riga aka nuna masa. A cikin wasa ƙwallo ɗaya ake ba ka, daga wurin da ba ka taɓa tsayawa ba. Don haka ka yi gwaji da ƙwallo ɗaya. Ka buga daga taku goma sha biyu mai hawa, ka je ka ƙarasa ta har rami, ka koma taku ashirin mai gangare, sannan taku takwas a karkace. Kada ka maimaita wuri.

Gwajin da na fi so kuwa shi ne na kira kafin dubawa. Ka buga, kada ka ɗaga kai, ka faɗa da bakinka: ta gaza, ko ta zarce, ko daidai, kuma da ƙafa nawa. Sannan ka duba. Da farko za ka sha mamakin yadda abin da hannunka ya ji ya saɓa da abin da ya faru. Wannan saɓanin shi ne malamin. Kullum ka kira ka duba, tazarar da ke tsakanin zato da gaskiya tana raguwa, har ka kai inda tun ƙwallo ba ta yi taku biyu ba ka san inda za ta kwanta. Wani gwajin kuma babu rami a cikinsa sam: ka mirgina zuwa bakin girin, inda gajeriyar ciyawa ta haɗu da doguwa, kana neman ta tsaya a kan iyakar. Da babu rami, zuciya ba ta damuwa da saiti, nisa kaɗai take aunawa. Kafin a fara wasa, minti goma na irin wannan, hawa da gangare, sun fi amfani nesa ba kusa ba a kan tsayawa ana zura 'yan ƙafa uku.

Kuma a riƙa rubutawa. A gefen katin maki, duk fotin na farko da ya wuce taku goma, ka sa ƙafa nawa ya rage, da alamar ko gazawa ya yi ko zarcewa. Malaman wasa da yawa suna ba da ma'aunin kashi ɗaya cikin goma: daga ƙafa 30 a bar uku, daga 50 a bar biyar. Bayan wasa biyar ko shida katin zai gaya maka halinka. Akasarin masu koyo za su tarar hawa suke gazawa, gangare suke zarcewa, wato ba sa ba tudu haƙƙinsa ta kowane ɓangare.

Kada kuma a ɗauka fota ta kan girin ce kaɗai. A gasar Open ta 150, a St Andrews a 2022, Cameron Smith na Ostireliya ya sami ƙwallonsa a wajen girin a rami na 17, ga wani ramin yashi mai zurfi tsakaninsa da tuta. Fota ya ɗauka, ya mirgina ta gefen yashin, ta hau ta tsaya inda zai iya zurawa, ya kuma zura. A rami na 18 ma daga wajen girin ya sake mirginowa ta kwanta kusa. Ya gama ranar da 64, ya ɗauki kofin. Ƙasar can tauri gare ta, ciyawarta gajera, kamar dai yadda filayenmu suke zama daga Disamba zuwa Afrilu. A irin wannan ƙasa, sandar da ke ɗaga ƙwallo sama tana iya dukan tauri ta yi tsalle ta yanki ƙwallon a ciki. Mummunan bugun fota kuwa da wuya ya kai mummunan bugun waccan muni. Sai dai a gwada shi tukuna, domin ciyawar wajen girin tana cin gudu fiye da yadda ido ke zato.

Samarinmu masu ɗaukar jaka, ga naku. Kun fi mu sanin girin ɗin nan, kuna kansa tun asuba, kuna ganin ƙwallo ɗari tana birgima kafin mu ga goma. Idan maigida ya tambaye ku, kada amsarku ta tsaya ga hagu ko dama. Ku fara da nisa: “Ranka ya daɗe, taku goma sha huɗu ne, amma hawa ne, a buga shi kamar sha bakwai.” Ko kuwa: “Hajiya, bayan ramin nan zubewa yake yi, a bar ta ta mutu a bakinsa.” Ku ƙirga takun tun kuna zuwa cire tuta ko ajiye jaka, ba tare da kun taka layin kowa ba, don kada a tsayar da na baya, doka ma tana son kowane bugu ya kasance cikin daƙiƙa 40. Ku sa ido a kan ƙwallon duk wanda ya riga maigidanku bugawa, musamman yadda take ƙarasa tafiyarta. Spaun da na ambata ya ci wannan moriya, domin Viktor Hovland ya riga shi bugawa daga kusan layi ɗaya, ya kuma tsaya ya kalla. Doka ba ta hana kallo ba. Abin da ta hana shi ne a mirgina ƙwallo ko a goge ciyawa don gwada girin ana tsakiyar rami, da kuma ku tsaya a bayan ɗan wasa kan layinsa bayan ya fara gyara tsayuwa. Ku faɗi naku, ku koma gefe.

Mai girma shugaba, na ga akwai sauran haske a waje. Idan an yarda, bayan tambayoyi mu fita girin na gwaji, kowa da fotarsa da ƙwallo ɗaya, mu yi gwajin kira kafin dubawa daga taku goma sha biyar.